Murhun Rana: Yadda Yake Aiki da Haɗurransa

Murhun rana na'ura ce da ke tattara hasken rana ta mayar da shi zafin girki, ba itace, ba gawayi, ba gas. Asalinsa akwatin gilashi ne da masanin kimiyya Horace de Saussure na ƙasar Suwizalan ya ƙera a 1767. An yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijirar Darfur da ke Iridimi a Chadi, domin rage wa mata fita neman itace.

Mai siffar akwati yana dafa shinkafa ko wake a hankali, cikin baƙar tukunya mai murfi. Mai kama da faranti kuwa yana tara haske wuri guda, har ana suya da shi, kuma shi ne ya fi haɗari. Ƙyallinsa na iya lahanta ido, kuma in aka bar shi yana fuskantar rana ba tukunya a kai, yakan kona zane ko zana. Don haka ake juya shi ko a rufe shi bayan girki, a kuma nisanta yara.

Haɗarin da aka fi rainawa shi ne na abincin kansa. Idan hadari ko hazo ya tare rana, zafi na sauka, ƙwayoyin cuta kuma na hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar abinci ya kai digiri 70, musamman nama da kaji. In rana ta ɓace, sai a ƙarasa girkin a wani murhu nan take.