Tsarin Gari, Sufuri da Wuraren Ajiye Motoci a Ƙaramar Hukumar Badagry

Badagry tsohon gari ne da ke yammacin Jihar Legas, kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Garin yana gefen wani dogon rafi wanda ya raba shi da tsibirin Gberefu, bayan tsibirin kuma sai Tekun Atlantika. Yana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 20 na jihar da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya amince da su. A ƙidayar 2006 an sami kimanin mutum dubu 240 a yankin.

Asalin Matsalar

An kafa tsofaffin unguwannin Badagry tun kafin zuwan mota, saboda haka titunansu ƙunci gare su. Ruwa ya tare garin ta kudu, wasu filayen kuma fadama ne, don haka faɗaɗa titi ko buɗe sabuwar tasha yakan ci kuɗi mai yawa. Ban da haka, jama'a iri uku ne ke gogayya a kan wannan ɗan fili: manyan motocin da ke bin hanyar Legas zuwa kan iyakar Seme, 'yan kasuwa da ke zuwa Kasuwar Agbalata da kifi da kwakwa da sauran kaya, da baƙi masu ziyartar wuraren tarihi, kamar gidan benen da aka gina a 1845 da mashigar da aka riƙa fitar da bayi ta teku. Idan direba bai sami tasha ba, a bakin titi yake tsayawa, kuma daga nan cunkoso ke farawa.

Rabon Aiki Tsakanin Hukumomi

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, da gyaran ƙananan tituna da magudanun ruwa, da sanya wa tituna suna da gidaje lamba, da kuma ba da lasisin kekuna da kwalekwale da amalanke.

Tsara gari da ba da izinin gini kuwa aikin jiha ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2003 a shari'ar da Jihar Legas ta shigar a kan Gwamnatin Tarayya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma a ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Hukumar LASTMA, wadda aka kafa a 2000, ita ke kula da zirga-zirgar ababen hawa, LASPA kuma ita ce hukumar jiha mai tsara ajiye motoci. A ɓangaren ruwa akwai LASWA ta jiha, wadda aka kafa a 2008, da NIWA ta tarayya.

Wannan rabo yakan jawo ruɗani. Mai mota yakan ga masu karɓar kuɗi fiye da ɗaya a wuri guda, ya rasa wanda ke da hurumi.

Manyan Sauye-sauye

A 2009 aka fara faɗaɗa babbar hanyar Legas zuwa Badagry domin ta zama mai layi goma, da layin dogo a tsakiya. Kashin farko na jirgin, daga Marina zuwa Mile 2, ya fara jigilar fasinja a watan Satumba na 2023. A 2018 aka buɗe ofishin kan iyaka na haɗin gwiwa na Seme da Krake. Rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya nuna yadda harkar sufurin yankin ta dogara da wannan mashiga. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya.

Abin da Ya Kamata a Kiyaye

Ga jami'ai, ya kamata a keɓe filin tasha a wajen tsohon gari kafin gine-gine su cinye shi, a ware lokacin sauke kaya a ranakun kasuwa, a kuma haɗa tashar mota da tashar jirgin ruwa domin rage nauyi a kan titi. A tuntuɓi sarakuna da ƙungiyoyin direbobi da shugabannin kasuwa tun kafin a yanke shawara.

Ga jama'a, kada a fara gini sai da izini a rubuce, kada kuma a gina shago a kan magudanar ruwa ko gefen titi, domin irin wannan gini ne ake fara rushewa idan aikin hanya ya zo. Duk wanda ya biya kuɗin tasha ko na ajiye mota ya nemi rasit mai ɗauke da sunan hukuma. Mai shiga jirgin ruwa ya sanya rigar kariya. Mai ƙorafi kuma ya kai wa kansilan mazaɓarsa ko sakatariyar ƙaramar hukuma.