Kabanci: tarihin wasan ruwa na Argungu da farfaɗowarsa

1. Gabatarwa

A ƙasar Tasawa da Mayahi ba a san tseren jirage ba. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa su, kwari ne na goriba da ruwa ba ya daɗewa a cikinsa. Amma shi da Gulbin Maraɗi duk gangarensu ɗaya ne: suna komawa Nijeriya su faɗa gulbin Rima, Rima ta haɗu da gulbin Sakkwato, daga nan ruwan ya wuce ta Argungu. A can ne Hausawa suke da wasan ruwa mafi shahara, wanda ake ce wa Kabanci. Jiragensa kwale-kwale ne da ake tuƙawa da hannu. A cikin wannan ɗan nazari za mu bi tarihin wasan, mu duba abin da ake nufi idan an ce an farfaɗo da shi.

2. Abin da sunan ya ƙunsa

Kada a rikita Kaba da Kabi. Kabanci daga Kabi ya fito, ƙasar da Kanta ya kafa a ƙarni na 16, mai babban birni a Surame. Ɗafa-ƙeyar -anci tana nuna harshe, kamar a Katsinanci, tana kuma nuna hali da ɗabi'a, kamar a malamanci. Ke nan Kabanci shi ne abin da Bakabe ya iya. A Argungu ma'anar ta tsuke ta koma gwanintar ruwa: tseren kwale-kwale, iyo, nutso, kamun kifi da hannu, kamun agwagwar ruwa. Haka ma kalmar homa: sunan komar da masunta suke riƙewa ne, kuma sunan sarautar shugabansu ne. Tare da shi akwai Sarkin Ruwa, mai kula da gulbin Matan Fada, wanda sai da izininsa ake shiga su.

3. Daga al'ada zuwa sulhu

Tun kafin jihadi Kabawa suna da bukukuwansu, daga ciki akwai gyaran ruwa da fashin ruwa, wato buɗe lokacin su bayan an hana shiga gulbi. A 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi. Sarautar ta koma Argungu, gaba kuwa ta ci gaba tsakaninta da Sakkwato da Gwandu kusan ƙarnin duka, in ban da ɗan lokacin da ake kira Lafiyar Toga. Zuwan Turawan Ingila ya tsayar da yaƙi, amma bai kawar da ƙiyayya ba.

A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da babban su. Daga wannan shekara ake ƙirga bikin na yanzu. Abin lura a nan shi ne, Kabawa sun zaɓi su karrama tsohon abokin gaba da abin da ya bambanta su da shi, wato sanin ruwa. Al'adar masunta ta zama harshen siyasa.

4. Hannun gwamnati da tsayawar biki

Bayan samun ƴancin kai gwamnati ta shigo. A 1970 Janar Yakubu Gowon da shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta tare. Sannu a hankali aka ƙara baje kolin amfanin gona da kokawa da dambe, bikin ya zama na kwana huɗu. Da aka ƙirƙiri jihar Kabi a 1991, ya zama abin taƙamarta.

A wannan tsakanin ne gulbin kansa ya sauya. An gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, sannan aka yi ta Goronyo a kan Rima, da ta Jibiya a saman Gulbin Maraɗi a cikin shekarun 1980. Ambaliyar da take cika fadama, inda kifi yake hayayyafa, ta ragu, ga kuma farin 1973 da na 1984. Mutanen Madarunfa da Tibiri sun san wannan labari a gonakinsu. Bayan bikin 2009 sai aka yi shekara goma ba a taru ba, galibi saboda rashin tsaro a arewacin Nijeriya.

5. Farfaɗowa

A 2016, lokacin da bikin yake tsaye, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. A watan Maris na 2020 aka sake buɗe shi, shugaba Muhammadu Buhari ya halarta, kifin da ya zo na ɗaya kuwa ya kai kilo 78. Bayan nan ma an sake yin shekaru ba a yi ba.

6. Kammalawa

Gwamnati tana iya kiran taro da kuɗinta cikin wata guda. Kabanci kuwa a gida ake koyonsa, yaro yana bin ubansa da gora da homa har ya san zurfin kowane gurbi da sunansa. Shekara goma sun isa yaro ya girma bai taɓa shiga tsere ba. Saboda haka muna ganin cewa dawwamar wasan tana rataye da abu biyu: ruwan da madatsu suke saki, wanda magana ce tsakanin Nijar da Nijeriya, da kuma kalmomin sana'ar da suke bakin tsofaffin masunta. Na biyun aikinmu ne. Ya kamata ɗalibanmu su tattara sunayen kifaye da na kayan su da na wuraren ruwa, a Argungu da tabkin Madarunfa, a kwatanta su tun masu su suna raye.