Tilas Da Hukuncin Kisan Kai: Shari'ar Malvo

Hausawa kan ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana. To, amma a shari'ar kisan kai da wuya alƙali ya ba ta masauki, kamar yadda wani al'amari da ya auku a kewayen birnin Washington ya nuna.

A watan Oktoba na 2002, cikin mako uku, wasu maharba biyu suka kashe mutum 10 a birnin da jihohin Maryland da Virginia masu maƙwabtaka da shi, suna harbi daga maɓoya. Ran 24 ga watan aka kama su: John Allen Muhammad, tsohon soja mai shekara 41, da Lee Boyd Malvo, yaro ɗan Jamaika mai shekara 17. Muhammad ya tsinci yaron ne a tsibirin Antigua, ya mai da shi tamkar ɗa, ya koya masa harbi, ya mallaki hankalinsa.

Da aka gurfanar da Malvo a Virginia a 2003, lauyoyinsa ba su dogara da hujjar tilas ba. Dokar da Amurka ta gada daga Ingila ta yarda tilas ta wanke wanda aka sa shi sata ko fashi, amma ban da wanda ya kashe marar laifi, domin ran wanda aka tsorata bai fi na wanda aka kashe daraja ba. Malaman Musulunci ma sun haramta wannan kisa. Imam Malik ya ga a yi ƙisasi a kan mai tilastawa da wanda aka tilasta, Abu Hanifa kuwa a kan mai tilastawa kaɗai.

Saboda haka lauyoyin suka ce an juyar wa yaron tunani har ya kasa bambance daidai da kuskure, watau taɓin hankali. Masu taya alƙali yanke hukunci ba su yarda ba, suka same shi da laifi. Amma da aka zo ga horo, sai suka zaɓi ɗaurin rai da rai maimakon kisa. Shi kuwa Muhammad, an zartar masa da hukuncin kisa a Nuwamba na 2009.

Ashe ƙuruciyar Malvo da mallakar da aka yi masa ba su wanke shi ba, amma sun samu shiga a lokacin yanke horo, har ya tsira da ransa.