Tsuntsayen Rairayin Gulbi da Binciken Kiwonsu

Tsuntsayen rairayin gulbi nau'o'i ne da ba sa yin sheƙa a kan bishiya. Rami ɗan ƙarami suke tonawa a yashin da ruwa ya janye ya bari, su zuba ƙwai a ciki. A Najeriya sun haɗa da zakaran ƙeƙuwa mai ƙaya a fiffike, wato Vanellus spinosus, da tsuntsun kada, Pluvianus aegyptius, da Glareola cinerea na tsibiran yashin Neja da Binuwai, sai mai yankan ruwa, Rynchops flavirostris. Yawancinsu da rani suke hayayyafa, tsakanin saukar ruwa da dawowar ambaliya.

A tsakiyar jihar Katsina, yankin Dutsin-Ma da Kurfi, gulabe na damina ne. Suna cika daga Yuni zuwa Satumba, bayan kaka kuma su koma shimfiɗar yashi, sai 'yan kududdufai nan da can. Ruwan da ke kai wa ƙarshen bazara shi ne na madatsai, babbarsu kuwa ita ce Zobe da ke kan gulbin Karaɗuwa kusa da Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983, tana ɗaukar kusan kubik mita miliyan 180. Yayin da ruwanta ke ja da baya yakan bar laka da danshin yashi, kuma a wannan siririn bakin ne abincin tsuntsayen yake: tsutsotsin ƙwarin ruwa, ƙananan dodon koɗi, buzuzu, fari da 'yan kifaye.

Kowane nau'i da salon kiwonsa. Zakaran ƙeƙuwa da ido yake farauta. Ya tsaya cak, ya ruga taku kaɗan, ya cafke ƙwaro, ya sake tsayawa. Tsuntsun kada yana tona yashi da ƙafa, yana birkice tsakuwa da baki. Mai yankan ruwa ya fi su ban mamaki, domin leɓen bakinsa na ƙasa ya fi na sama tsawo. Yana tashi daf da ruwa, leɓen na tsaga shi, da ya taɓa kifi sai bakin ya rufe. Ya fi yin haka da magariba da dare, a ruwa mai kwanciya marar zurfi.

Mai binciken kiwo yakan zauna nesa da tabarau mai jawo nesa da agogo, ya zaɓi tsuntsu ɗaya ya bi shi na 'yan mintuna, yana ƙirga sara nawa ya kai, nawa suka samu, taku nawa ya yi. Wannan hanyar bin dabba guda ta yaɗu ne bayan rubutun Jeanne Altmann na 1974. Daga nan sai a kafa bututu a lakar da tsuntsun ya tsaya, a ciro ta, a tace da rariya, a ƙirga halittun da ke ciki, sannan a gwada da lakar inda bai tsaya ba. Wannan gwaji na biyu shi ne zuciyar aikin, don shi ke nuna abin da tsuntsun ya zaɓa. Ana kuma duba kashinsa a madubin ƙara girma, inda ɓawon ƙwari da ƙayar kifi ke fitowa. Ƙidayar tsuntsaye kaɗai, irin wadda ake yi a watan Janairu a dausayin Haɗeja da Nguru, tana faɗin yawansu, amma ba ta faɗin dalilin raguwarsu.

Sanannen misalin bincike a kan waɗannan tsuntsaye shi ne aikin Thomas Howell a kan tsuntsun kada a Gambela ta ƙasar Habasha, wanda aka buga a 1979. Ya nuna cewa tsuntsun yana binne ƙwansa a yashi, idan rana ta take sai ya jiƙa gashin cikinsa a gulbi ya dawo ya sanyaya su. Ke nan lokacin kiwon uwa ko uba ragowar lokacin gadi ne, kuma dole sheƙa ta kasance kusa da ruwa da abinci gaba ɗaya. Labarin nan da ya samo asali tun daga Herodotus na Girka, cewa wani tsuntsu na shiga bakin kada yana tsince masa, masu bincike ba su tabbatar da shi ba.

Barazanar da ke kansu ta wurin zama ce. Madatsa tana sauya lokacin ruwa: sakin ruwa da rani na iya shanye ƙwai, tare shi kuma na hana ambaliyar da ke wanke yashi, sai ciyawa ta rufe tsibiri. A irin gulaben Katsina akwai ƙarin matsi daga tifofin ɗibar yashi, da lambunan noman rani da ke bin ruwa har baki, da maganin feshi da ke kashe ƙwarin, da garken shanu a mashaya. Duk waɗannan hanyoyin abinci ne na halal ga jama'a, shi ya sa sanin daidai wurin da daidai makonnin da tsuntsayen ke buƙata yake da amfani. Kare gaɓa guda na wata biyu abu ne da manomi da makiyayi za su iya ɗauka. A Indiya, ɗan'uwan mai yankan ruwa da ke gulbin Chambal ya shiga jerin masu fuskantar ɓacewa a 2020 saboda kusan waɗannan dalilai.

Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos tana horar da masu wannan fanni da dama a Najeriya, kuma ita ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasar da aka fara a 2015. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ita ce jami'ar da ta fi kusa da bakin Zobe.