Daga Unguwa Zuwa Fuloti: Tarihin Dokokin Zama da Gini a Kano da Waje

Gabatarwa

Duk wanda ya fito daga cikin birnin Kano ta Ƙofar Mata, ya ratsa Fagge da Sabon Gari, sa'an nan ya karkata zuwa Bompai da Nassarawa, zai ga garuruwa uku ne a cikin gari ɗaya. Zai baro lunguna da kwararo-kwararo inda katanga ke jingine da katanga, ya shiga layuka miƙaƙƙu waɗanda aka yanka kamar gidajen dara, daga nan ya faɗa cikin manyan hanyoyi masu inuwa inda gida ɗaya yakan ci filin da zai ishi gidaje goma. Wannan bambanci yana da asali a cikin dokoki da aka rubuta, waɗanda suka faɗi wanda zai zauna a wuri kaza, da girman filin da za a ba shi, da irin ginin da zai yi. Wannan maƙala za ta bi diddigin waɗannan dokoki, ta kuma nuna abin da suka bari a cikin zaman jama'a da harshensu.

Tsarin unguwa kafin zuwan Turawa

Kafin 1903 birnin Kano yana da tsarinsa. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) kuma ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarauta, ya kafa Kasuwar Kurmi. A cikin wannan ganuwa mutane suka zauna unguwa-unguwa, bisa sana'a ko bisa asali. Sunayen unguwannin su ne shaida: Dukawa da Soron Ɗinki sun ɗauki sunan sana'a, Tudun Nufawa da Zangon Barebari sun ɗauki sunan baƙin da suka sauka a cikinsu, Ayagi mazaunin fataken Yarabawa ce, Dandalin Turawa kuwa na Larabawan Arewacin Afirka ne, domin a wancan zamani su ake kira Turawa. Abin lura a nan shi ne, baƙo a cikin ganuwa ake saukar da shi, ya biya haraji, ya yi auratayya, jikokinsa su tashi Kanawa.

Ƙasa tana hannun sarki bisa amana, mai unguwa shi ne idonsa. Wanda yake son kango ko fili, ta wurin mai unguwa zai bi. In gardama ta tashi a kan gini, alƙali zai yanke ta bisa fiƙihun Malikiyya, wanda tushensa a wannan babi shi ne hana cutar da maƙwabci. Ba a buɗe taga inda za ta leƙa cikin gidan wani, ba a juya indararo ya zuba a jikin katangar wani, ba a cin hanyar jama'a da gini. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi musamman a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba a raya ba, wato Ta'alimur Radi. Magina su ma suna da shugabansu, Sarkin Gini, wanda ya san ƙa'idar tubali da azara. Wato dai doka a wancan tsari tana kallon abin da ke tsakanin gida da gidan da ke kusa da shi, ba ta fara da zanen gari dungurungum a kan takarda ba.

Sauro da yadi 440

Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Ba su zauna cikin birni ba, sai suka sauka a Nassarawa, inda sarki yake da gida da gandu, daga baya suka kafa bariki a Bompai. A 1904 aka yi dokar barikoki ta Nijeriya ta Arewa, wadda ta sa kowane mazaunin Turawa a ƙarƙashin jojin bariki, a wajen ikon sarki.

Dalilin da suka bayar na nesanta kansu dalilin lafiya ne. A 1897 Ronald Ross ya gano cewa sauro ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓi. A 1900 likitoci biyu, Stephens da Christophers, waɗanda aka aiko Afirka ta Yamma bincike, suka ga ƙwayar ta fi yawa a jinin yara ƙanana, sai suka ba da shawarar a raba makwancin Turawa da na 'yan ƙasa. Ba kowane Bature ne ya yarda da wannan ba. Gwamnan Ikko na lokacin, William MacGregor, wanda shi kansa likita ne, ya ƙi shawarar, ya zaɓi cike fadamu da raba kwini ga kowa, domin a ganinsa maganin cutar shi ne a kawar da ita daga garin duka. Amma ra'ayin rabuwa shi ya yi rinjaye, musamman bayan da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 a hannun Lugga.

A 1917 aka kafa Dokar Garuruwa mai lamba 29. Ta kasa garuruwan da ke ƙarƙashinta daraja uku. Ikko kaɗai ce a daraja ta ɗaya, Kano da Kaduna da Zariya suna cikin ta biyu. Ƙa'idojin da suka biyo dokar sun raba kowane gari zuwa keɓaɓɓen yankin Turawa da yankin waɗanda ba Turawa ba, tsakaninsu kuma a bar fili mai faɗin yadi 440, wato rubu'in mil, wanda ba a yarda kowa ya gina gidan kwana a cikinsa ba. An ɗauka cewa sauro ba zai ƙetare wannan tazara ba. Lugga ya ƙara wasu dalilai biyu a cikin umarninsa ga ma'aikata: filin zai tare gobara, zai kuma nesanta Turawa daga kiɗe-kiɗe da hayaniyar dare. A irin waɗannan filaye ne aka riƙa yin wuraren sukuwa da folo da sauran wasannin Turawa.

A cikin yankin Turawa, gida guda yakan sami fili mai zurfin yadi 100 da faɗin yadi 70 zuwa 100, kewaye da shinge ko katanga. Ɗakunan barori da bargar dawaki a can ƙarshen fili ake jera su, bayansu kuma akwai siririyar hanya ta masu kwasar bahaya. Fulotin da aka saba yankawa a unguwannin 'yan ƙasa kuwa ƙafa 50 ne da ƙafa 100. In aka yi lissafi, mafi ƙanƙantar filin Bature ya ninka wannan fiye da sau 12.

Raunin hujjar lafiyar a fili yake. Sauro yakan wuce rubu'in mil, sa'an nan kuku da boyi da ɗan doki duk a cikin filin Baturen suke kwana. 'Yan kasuwa Turawa su ma sun yi ta ƙorafi, domin sun fi son zama kusa da kantunansu. Abin da dokar ta tabbatar shi ne nisa tsakanin mai mulki da wanda ake mulka, da karkatar da kuɗin hanya da ruwa da tsabta zuwa yankin da mutanensa suka fi kaɗan.

Sabon Gari, Fagge da Tudun Wada

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ma'aikata suka kwararo: akawuna da masu aikin reluwe da 'yan kasuwa daga Kudancin Nijeriya da Saliyo da ƙasar da a yau ake kira Gana. Yawancinsu ba Musulmi ba ne, Turawa kuma ba su so a sa su ƙarƙashin alƙali, ba su kuma so su cuɗanya da mutanen birni su kawo musu ra'ayoyin Ikko. Saboda haka a 1913 aka yanka Sabon Gari, layi-layi, a ƙarƙashin jojin bariki. Abin da aka hana a birni, kamar sayar da giya da gina coci, a can aka yarda da shi. Fagge, wadda tun da can masaukin ayari ce, aka sake yanka ta, kusa da ita aka ba Kwarori wurin da har yau ake kira Kantin Kwari. Tudun Wada kuma ta zama mazaunin tsofaffin sojoji da leburori 'yan Arewa. Zariya ma haka aka yi mata: birni, Tudun Wada, Sabon Gari, da yankin Turawa. Kaduna kuwa, wadda aka mayar da hedikwata cikinta daga Zungeru, tun daga tushe a kan wannan zane aka gina ta.

Nan ne aka sauya al'adar saukar baƙo. A da baƙo yana shiga ganuwa ya zama ɗan gari sannu a hankali. Yanzu doka ta ajiye shi a waje, da kotunsa dabam, da makarantarsa dabam, da kasuwarsa dabam. Ko da yake a 1940 an mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e ta Kano, baƙuntar ta riga ta kafu. Dokar gini ba ita ta haddasa rikicin watan Mayu na 1953 ko na 1966 ba, siyasa ce ta haddasa su. Amma da rikicin ya tashi, ya tarar da iyakokin da zai bi a shimfiɗe tun shekaru arba'in da suka wuce.

Daga launin fata zuwa muƙami

A 1946 aka yi Dokar Tsara Birane da Karkara, wadda aka kwaikwayo daga dokar Ingila ta 1932. Ta ba da ikon kafa hukumomin tsara gari da ayyana yankin da ba a gini a cikinsa sai da izini. A 1947 wani otal a Ikko ya ƙi saukar da Ivor Cummings, babban ma'aikacin Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, saboda baƙar fata ne. Hayaniyar da ta biyo baya ta tilasta wa gwamnatin Arthur Richards janye wariya daga wuraren gwamnati. Yankin Turawa ya koma yankin mazaunin ma'aikatan gwamnati, wanda harufan farkon sunansa na Ingilishi suka ba Hausa kalmar Jiyare. Da aka sami mulkin kai a 1960, manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen da ƙa'idojinsu duka: girman fili, da ja da baya daga bakin hanya, da ɗakunan barori a ƙurya. Abin da launin fata yake rabawa a da, yanzu muƙami da dukiya ke raba shi.

An yi yunƙurin tsara Kano gaba ɗayanta a shirin shekara ashirin na Trevallion (1963 zuwa 1983), kamar yadda Max Lock ya yi wa Kaduna a 1967. Amma yawan jama'a ya riga shirin gudu, musamman bayan da Kano ta zama babban birnin jiha a 1967. Ta fuskar mallakar ƙasa, dokar 1910 ta sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna, dokar 1962 ta ci gaba da haka, sa'an nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa wannan tsari a Nijeriya duka, ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. A 1992 aka maye gurbin dokar 1946 da doka mai lamba 88. Duk da haka, talaka wanda ba ya iya jiran takardar gwamnati sai ya sayi gona a bakin gari, a auna masa da igiya, ya gina. Ta haka manyan unguwanni suka tashi ba magudanar ruwa, ba filin makaranta, ba hanyar da motar kashe gobara za ta shiga. Filayen da aka keɓe tun zamanin Turawa kuma suka zama abin rububi. A watan Yuni na 2023 gwamnatin Jihar Kano ta rushe shagunan da aka gina a Filin Sukuwa da kewayen Masallacin Idi, abin da ya jawo gardama mai zafi da shari'u.

Abin da harshe ya adana

Harshen Hausa ya riƙe wannan tarihi a cikin kalmominsa. Kantoma, wanda a yau ake kiran shugaban riƙo na ƙaramar hukuma da shi, asalinsa sunan jojin bariki ne. Fuloti da fegi da safiyo da layi duk tare da sabon tsarin suka shigo, duba-gari kuma suna ne da Bahaushe ya ƙirƙira wa ma'aikacin tsabta mai leƙa randuna yana neman tsutsar sauro. Awon igiya sunan filin da hukuma ba ta san da shi ba ne. Mafi nauyin su duka ita ce bariki. Daga sunan mazaunin soja ta koma sunan wata irin rayuwa, har ya zama in an ce da mutum ɗan bariki, ana nufin ya fita daga tarbiyyar gida. Kalmar Waje ma, da ake kiran unguwannin bayan ganuwa da ita, tana ɗauke da hukunci a kan mazaunansu.

Kammalawa

Kano ta gaji dokokin gini iri biyu. Ta farko tana tsare haƙƙin maƙwabci, amma ba a shirya ta domin mota da bututun ruwa da miliyoyin mutane ba. Ta biyu ta kawo taswira da hanya da magudana, amma domin raba mutane aka zana ta, kuma alherinta ya tsaya a inda masu iko suke kwana. Yawancin Kanawan yau suna zaune ne a unguwannin da ba ɗaya daga cikin biyun da ke aiki sosai: mai unguwa ba shi da ikon da yake da shi a da, safiyon gwamnati kuma ba ya isowa sai gini ya kai linta. Kowace damina, ambaliya takan nuna inda aka toshe hanyar ruwa da inda aka cike kududdufi aka yi gini. Masu tsara gari da za su gyara wannan suna bukatar sanin dokar 1917 da abin da ta haifar, suna kuma bukatar sanin hukuncin taga da indararo wanda alƙalan birni suka yi aiki da shi kafin ta.