Daga Ayarin Gwanja Zuwa Sabon Tasha: Wa Zai Ɗauki Asara?

A Sabon Tasha, kudancin kogin Kaduna, da yawanmu masu abin hawa ba ma tuna takardar inshora sai jami'in hanya ya tsayar da mu. Dokar da ta fara wajabta ta a 1945 aka kafa ta, zamanin Turawa, kuma a Janairun 2023 kuɗinta na ƙaramar mota ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. Wasunmu na kallonta a matsayin haraji, wasu kuma caca.

Amma tanadi don ranar wahala ba baƙonmu ba ne. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa tafiya ɗai-ɗai. Ayari suke yi ƙarƙashin madugu, a haɗa kuɗin fito da na tsaro. Tun a makarantar allo muka ji yadda Annabi Yusuf (AS) ya ba da shawarar adana hatsin shekara bakwai na yalwa saboda bakwai na fari. Tirmizi ya ruwaito umarnin Manzon Allah (SAW) ga mai raƙumi, cewa ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. A fiƙihun Malikiyya kuwa, dangi ke haɗa diyyar kisan kuskure.

To ina matsalar take? Malamai sun ga garari, wato rashin tabbas a ciniki: ka biya, ba ka san ko za ka karɓa ba, kamfani kuma ya juya kuɗin cikin riba. Ibn Abidin, wanda ya rasu a 1836, ya hana inshorar jiragen ruwa ta 'yan kasuwa. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta haramta inshorar kasuwanci, ta halatta ta taimakekeniya.

Wannan ita ce takaful: kowa ya zuba gudummawa a asusu ɗaya, a biya wanda masifa ta afka wa, rarar kuma ta koma ga masu zubi. Sudan ta fara a 1979. A Nijeriya hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idoji a 2013, sannan aka ba Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi a 2016, shekarar da gobara ta cinye kasuwar Sabon Gari a Kano.

Rikicin 2000 ya raba mana unguwanni, amma takaful ba ta tambayar addinin mai zubi. Direba Kirista da fasinja Musulmi mota ɗaya suke shiga a Sabon Tasha. Idan birki ya tsinke, marayun da za a bari na gida biyu ne.