Freireich da Yaran da Aka Fid da Rai da Su

A shekarar 1955, sa'ad da Dakta Emil Freireich ya kama aiki a Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Bethesda a Amurka, yana ɗan shekara 28, sai aka danƙa masa sashen yara masu sankarar jini, waɗanda a zamanin nan da wuya ɗayansu ya wuce 'yan watanni bayan an gano cutar. Haifaffen Shikago ne, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara biyu, ya tashi cikin tsananin talauci, amma Allah ya hore masa basira har ya zama likita tun yana shekara 22.

Abin da ya fara tayar masa da hankali shi ne zubar jini, domin da yawa daga cikin yaran ta hanci da dasashi da ciki jini ke tsiyaya, zanen gado ya jiƙe sharkaf, har ajali ya riske su tun magani bai fara aiki ba. Da ya yi tahaƙiƙi, sai ya tabbatar cewa illar tana ga ƙarancin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda ba su daɗewa a jinin ajiya, ga shi kuma suna manne wa jikin kwalba; saboda haka ya dage sai a kawo sabon jini cikin jakar roba, duk da cewa ma'ajiyar jinin asibitin ta yi masa gardama ƙwarai. Daga baya shi da George Judson, injiniyan kamfanin IBM wanda ɗansa ke fama da cutar, suka ƙera na'urar da ke ware ƙwayoyin jini.

Da jini ya tsaya, sai shi da abokin aikinsa Emil Frei suka yi ƙiyasi da tarin fuka, wanda ba ya jin magani ɗaya sai an haɗa masa da dama, suka tara magunguna huɗu masu dafi suka ba yaran lokaci guda. Malaman fannin da yawa sun kira wannan zalunci, kuma a ganina suna da hujja, tun da yaran sun kai gargarar mutuwa kafin ɓargonsu, wanda dafin magungunan ya durƙusar, ya farfaɗo. Ya kuwa farfaɗo. Sai dai a galibinsu cutar ta ɓuya a ƙwaƙwalwa, inda maganin bai isa ba, ta dawo, har sai da wani likita, Donald Pinkel, ya bi ta can a asibitin St. Jude; a yau kusan tara cikin goma na irin waɗannan yara suna rayuwa a ƙasashe masu wadata.

A 1965 Freireich ya koma asibitin MD Anderson a Houston, inda ya yi ta karantarwa da bincike fiye da shekara hamsin. A 1972 aka ba shi lambar Lasker tare da wasu likitoci, ciki har da Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aikinsa a Ibadan. Ya rasu a 2021 yana da shekara 93.